Ban Yafe Ba

Shekarar da samarin unguwar Mafoni suka fara sukar juna da wuƙa, malamar asibitin unguwarmu ta tara mu, mata masu zagayen rigakafi. Ta ce mu ɗauki abin kamar kwalara: in ya shiga gida, a tare shi kafin ya haura katanga. Aikinmu mu zauna a gidan makoki mu gano wanda zai rama. Na ce mata ta ba mai surutu aikin shiru, amma na karɓa.

Da aka kashe wani mai keke a layinmu, sai na sa wa ƙanensa ido. Tela ne, tare da 'ya'yana ya tashi. Mun saba da masu ihu da dukan bango, dattawa kan riƙe su har su huce. Shi ko ƙwalla bai yi ba. Yana raba wa masu gaisuwa ruwa yana murmushi, kowa na yabon haƙurinsa. Ni dai tsoro yake ba ni.

Bayan sadakar bakwai ya ƙarasa ɗinkin mutane kaf, ya lulluɓe keken ɗinkinsa da zane, ya bi gida gida yana kai musu. Rana ta take, layin tsit, ko akuya ba ta motsi. Ina jin sallamarsa tana matsowa, kowace ƙofa ana amsa masa da "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Mutum ba ya neman gafarar unguwa sai zai tafi inda bai sa ran dawowa ba.

Ya shigo ya durƙusa, da sabon aski da farar riga.

"Iya, wushe, sannu da gida. In na taɓa yi miki laifi, ki yafe mini."

Tunda nake ban taɓa jin an roƙi mutum haka ya ƙi ba.

"Ban yafe ba," na ce.

Ya ɗago kai. "Me na yi miki, Iya?"

"Zauna tukuna, sai na tuna."

Ya zauna. Surukata ta sulale ta kira kawunsa. Hannunsa na dama na cikin aljihu, bai fito da shi ba sai bayan la'asar, da kawun ya karɓe wuƙar.

Yanzu yana da mata da 'ya'ya. Duk Sallah yakan zo ya tambaye ni ko na tuna. Na tsufa, ina tsoron in mutu da haƙƙinsa a wuyana. Amma wanda ya kashe wansa ya fito daga gidan yari, yana sayar da gawayi a bayan layinmu. Shi ya sa nake ce wa telan ban tuna ba tukuna.