Libarbar Idrisu Mai Kayan Babur

A unguwar Kokoro da ke birnin Bangi aka haifi Idrisu. Kakansa ne ya zo daga Damagaram da fataucin shanu, ya yi aure a Bangi, bai koma ba. Shi kuwa Idrisu shagon kayan babur gare shi a unguwar Kilomita Biyar: sarƙa, birki, fitila, taya. Duk wanda ya san shi ya san shi da bin diddigi. In sabon kaya ya iso daga Duwala, sai ya kwance ɗaya ya leƙa cikinsa kafin ya yarda ya sayar da sauran.

Lokacin rikici bai riƙe makami ba. Iyalinsa ya kwasa zuwa Garwa-Bulai, tsallaken iyaka, da gari ya lafa suka dawo. Sai bara, yana tahowa da kaya, 'yan fashi suka tare motar da ya hau suka kwashe rabin abin da ke ciki. Ba su taɓa lafiyarsa ba, amma tun daga ranar ya fara zancen bindiga.

Yana da wani abokin ciniki, tsohon jandarma mai suna Ajidan Yamale, wanda ke koya wa masu gadi harbi a wani fili a bayan gari. Shi ne ya ce ba zai saurare shi ba sai ya nemi izinin hukuma. Idrisu ya yi watanni yana zirga-zirga har ya samu.

Wata Asabar da hantsi Ajidan ya shimfiɗa masa libarba biyu a kan tebur, ƙananan bindigogin nan masu tulun da ke juyawa da harsashi. Dukansu magnum ne, wato masu cin harsashi mai ƙarfi. Ɗaya gajera ce, ba nauyi, za ta ɓace a aljihun riga. Ɗayar doguwa, ƙarfe zalla.

"Wacce ta fi, Baba Ajidan?"

"Ta fi a me? A ɗauka ko a harbi?"

"Ai duka biyun nake so."

"Kowa ma haka yake cewa. Toshe kunnenka, ka gwada."

Ya fara da gajerar, don ita ta kwanta masa a rai. Yana jan kunama ta yi tsalle a hannunsa, tsintsiyar hannun ta ɗauki zafi har gwiwa, allon da ya auna kuwa ko ƙwarzane. Doguwar ta gajiyar da shi tun kafin ya saita, amma da ta tashi turi kawai ya ji, harsashin ya huda gefen allo.

Maimakon ya zaɓa, sai ya tsaya tambaya. Me ya sa harsashi iri ɗaya ya mare shi a nan, ya lallaɓa shi a can? Ajidan ya ce nauyin ƙarfen ne ke shanye bugun. Wadda ke da daɗin ɗauka ba ka son harba ta, in kuwa ba ka yawan harba ta ba za ka iya ta ba.

Doguwar ya ɗauka. Matarsa Ulfa ta dube shi ranar da ya fara ɗaura ta a ƙugu.

"Maigida, kafaɗarka ta karkace."

"Zan saba."

Bai saba ba. Tana jan wandonsa, tana tokare shi a kan babur, ga shi ba ya son shiga masallaci da ita, ba ya kuma son barinta a shago. Abin da ya fi damunsa shi ne yadda ya fara kallon hannun duk wanda ya shigo sayen fitila. Kafin wata ya ƙare ya sa maƙeri ya haɗa masa akwatin ƙarfe, ya kulle ta a ɗaka, harsashi a wani wuri daban. Tafiyar Duwala kuma yanzu ayarin manyan motoci masu rakiyar jami'an tsaro yake bi, ko da zai yi kwanaki yana jiransu.

Asabar dai ba ta wuce shi. Yakan bar shagon ya tafi filin, ya yi harbinsa, ya zauna ya goge ta tas. A 'yan kwanakin nan abin da ke cin ransa shi ne duk harbinsa hagu yake karkata. Ya zargi iska, ya zargi harsashi, ya zargi saitin bindigar. Makon jiya Ajidan ya tsaya a gefensa ya ƙura wa fuskarsa ido.

"Bindigarka lafiya lau take," in ji shi. "Kai ne kake runtse ido kafin ta tashi."

Idrisu ya ce, "Ido ɗaya, ko duka biyun?"