Ƙofar Arewa

Ƙarfe uku da kwata na yamma, ranar Laraba, na sa reza na yanke ƙofar. Daga nan komai ya fara lalacewa.

Ina shekara ta uku a sashen zanen gine-gine a Alƙahira. Malamarmu, wadda muke kira Doktora, ta ba kowa tsohon gini ya yi samfurinsa da kwali, kuma wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara. Ni wani cocin ƙauye na ƙasar Ayalan ya faɗo mini. Ɗaki ne guda dogo na dutse, an gina shi ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Rufinsa ya daɗe da zubewa, tagar gabas siririya kamar tsagar ido, kaburbura har cikin ɗakin. Ta kudu ake shiga. A bangon arewa kuwa akwai alamar wata gajeriyar ƙofa da aka toshe da duwatsu.

Doktora ta ce a nuna gini yadda aka fara gina shi. Ni kuma ba na son aiki rabi da rabi, sai na buɗe ƙofar a jikin samfurina.

Washegari na tarar gefen arewa ya yi laima. A unguwarmu ta Abbasiya, cikin zafin da wanki ke bushewa kafin ka gama shanya! Na sake kwali, shi ma ya jiƙe. Ɗakinmu ya soma warin ciyawa bayan ruwan sama.

Abokiyar zamana, 'yar Damagaram, ta leƙo tana toshe hanci.

"Ke malama, gona kika buɗe mana? Yalla, maza kai cocinki baranda."

Na kai. Rana ta dake shi har la'asar, bangon kudu ya bushe ƙayau, na arewa yana nan da danshinsa.

Tun ina ƙarama aka koya mini yin sallama ko da ɗaki ba kowa. Ran nan na dawo daga makaranta da azahar, na yi sallama, sai na ji irin shirun da ake yi idan an shigo wa mutane suna tsakiyar magana. Fanka na juyawa, motoci na ta hon a ƙasa, amma shirun yana wajen teburina, inda na mayar da samfurin.

Saura kwana kaɗan a miƙa aiki, bangon ya fara lanƙwashewa. Na duba littattafai, kowanne cewa yake "an toshe ta daga baya", ba dalili. Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishin Doktora kunya na mayar da ni. A na uku na shiga da samfurin a hannu.

Ta taɓa yin karatu a Ayalan, har ƙauyen ta je. Ta shafa bangon da yatsa, ta shinshina.

"Doktora, me ya sa suka toshe ta?"

"A bayan wannan bangon suke binne jariran da suka mutu ba a yi musu baftisma ba, wato wankan shiga addininsu, 'yata. Mutanen ƙauyen sun ce mini kukan jariran ne yake shigowa ta ƙofar yana hana su jin addu'a." Ta turo mini gam. "Ma'alish, ba komai. Ni ma na buɗe tawa ina ɗaliba. Ki toshe ta tun da rana, amma ki fara ba su lokaci su fita."