Irin Yakuwar Inna

Wata safiyar Juma'a, a ƙarshen watan Agusta na shekarar da na fara haddar izu na biyu, Inna ta tashe ni bayan asuba ta ce in biyo ta saman gida. A unguwar Tandabawi muke lokacin, ba nisa da Harami, a wani ɗaki can kan dutse, inda mota ba ta hawa. Siminti bai huce daga zafin jiya ba, ina ɗaga ƙafa ɗaya ina sauke ɗaya. Ta jera gwangwanayen madara da robobin fenti da ta huhhuda gindinsu da ƙusa, ta cika su da ƙasa haɗe da kashin tattabaru. Sannan ta kwance wani ƙullin tsumma daga bakin zaninta. Irin yakuwa ne da rama da kuɓewa, daga bayan ɗakin mahaifiyarta, wanda ta zo da shi shekarar da suka zo aikin hajji ita da Baba ba su koma ba. Ba mu da iƙama, takardar izinin zama, don haka ba ta da hanyar zuwa gida ta dawo. Abin da ke cikin tsumman nan shi ne kawai abin gidansu da ya rage a hannunta, kuma sai an shuka shi duk shekara a sami sabon iri, in ba haka ba ya ƙare.

Baba bai taɓa yarda da lokacin shukar ba. Ɗan manoma ne, ko da yake a nan turin keken marasa ƙarfi yake yi a kusa da Harami. Yakan tsaya bakin matakala ya ce, "Maryama, a gida yanzu gero ya fitar da kai, ke kuma yanzu kike shuka. Wannan wane irin noma ne?" Ita kuwa ta sha hasara kafin ta koya. Wani tsoho ɗan Yaman mai sayar da wake da burodi a ƙasan layinmu, Ammu Yahaya, shi ya gaya mata cewa a ƙasar nan ba a bin damina, ana jira ne zafi ya fara karyewa. Abin da aka shuka a lokacin yana tasowa rana na sauƙi, ya yi fure da sanyi, ya ba da irin baɗi. Sai ta fara da yakuwa da rama da kuɓewa, bayan ɗan lokaci ta dasa albasa da tafarnuwa, ta yafa lalo a wani tsohon baho. Tushen da ya fi kyau takan ɗaura masa jan ƙyalle, ta ce, "Wannan ba na miya ba ne, ko yunwa za ta kashe mu."

Ruwa aikina ne. In tankar ruwa ta zo ƙasan dutse, nakan bi layi da jarka in hau da ita, kafaɗa na zugi. In ba ta zo ba, nakan tara ruwan alwala a bokiti, ko in kafa kwano ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta in jira ɗigo. Tsarana suna buga ƙwallo a gangare da takalman soso a matsayin raga, ni ina sama ina korar kyanwoyi daga gwangwanaye. Na yi mita sosai, na sha zubar da rabin jarka a hanya don ta yi sauƙi. Allah ya yafe mini, malalaci ne ni tun ina ƙarami.

Shukar shekarar ta yi kyau. Inna ta shanya irin, ta ƙulle a tsummanta. Bayan sanyi ya wuce, wata rana ta fita da tiren gyaɗa ba ta dawo ba. An yi kamen marasa takarda. Daga gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ta sami hanyar aiko da saƙo: in kula da Baba, a bar irin sai zafi ya karye. Ba mu samu ganinta ba aka sa ta a jirgi.

Baba ya daina hira. A watan Yuni ya yi waya gida daga shagon wani mutumin Kano, aka haɗa shi da ita. Ta ce masa an yi ruwan shuka jiya, gobe za ta fita gonar yayanta. Ya dawo fuskarsa a sake, karo na farko tun tafiyarta, ya ɗauko tsumman. Na ce, "Baba, Inna ta ce sai zafi ya karye." Ya ce, "Na ji. Gobe uwarka za ta yi shuka. Ni ma gobe zan yi." Bai rage ko ƙwaya ɗaya ba.

Sun fito kuwa, ƙanana, kore shar. Ya yi musu rumfa da kwali da buhu, ya riƙa hawa da jarka da kansa bayan ya wuni yana turin keke. Ni ma ban zubar da ko ɗigo ba a wannan karon. Amma da hantsi gwangwani ba ya taɓuwa, ƙasar ciki kamar an sauke ta daga wuta. Saiwar ce ta dahu. Suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, muna kallo.

Da zafi ya fara karyewa, Ammu Yahaya ya tare ni ya ce in gaya wa mutanen gidanmu lokaci ya yi. Na ce to. Ban gaya masa ba mu da abin shukawa ba. Kafin sanyi ya shigo aka bugo waya cewa zazzaɓi ya ɗauke Inna. Daga baya wani alhaji ya kawo wa Baba irin yakuwa daga wata kasuwa a gida, Baba ya yi godiya, ya ba wa maƙwabciya.

Yanzu a unguwar Shisha nake haya, an rushe layinmu tuntuni, Baba ma ya rasu. Ruwa na zuwa har ɗaki, akwai ɗan fili a bayan taga da zai ɗauki roba uku, ana sayar da iri a takarda a shagunan unguwar Zahir. 'Ya'yana da Larabci suke kiran lalo, yakuwa kuwa ba su san ganyenta ba. Duk ƙarshen zafi nakan ce bana zan shuka musu, shekara ta juyo ban yi ba. Na san lokacin sarai, zuciyar hawa da jarka ce ba ni da ita.