Sabon Gero a Al Qusais

A ƙauyenmu mu baƙi ne. A can aka haifi kakan kakana, amma har gobe mutanen gindin dutse “baƙi” suke ce mana, don su muka tarar, da yarensu da rijiyarsu da tsofaffin kaburburansu. Wai kakanninmu fatake ne, suka roƙi wurin kwana ɗaya, to har yau gari bai waye ba. Sharaɗi guda aka gindaya musu: ba baƙon da zai kai sabon gero baki sai babban mutanen gindin dutse ya tauna, ya tofar a ƙasa, ya faɗi wasu kalmomi da yarensu.

Da kakar 2012 ina aikin ɗaure kaya a wani kamfanin jigilar kaya a Dubai, Inna ta kira ni. Tsohon nan, babban mutanen gindin dutse, ya rasu ana gab da girbi. Ɗansa namiji ɗaya ne, kuma wai yana Dubai yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki.

Na ce, “Inna, Dubai fa ba kasuwar ƙauye ba ce da zan tsaya in ƙwala masa kira.”

Ta ce, “Ka ƙwala. Na ba wata hajiya ƙullin gero ta kawo maka. Samari sun ci nasu a ɓoye, liman ma ya ce ba komai. Ni dai ba zan ci ba.”

Na san halin uwata. Rumbunta cike da sabo, amma ragowar na bara take tuƙawa, wanda ƙwari suka riga suka ci rabonsu. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi, ya hana ni sukuni.

Wata mai tuwo a unguwar Al Karama, wadda ta san inda kowane ɗan Arewa ke kwana da abin da ya ci jiya, ita ta kwatanta mini gidansa. Ranar Juma'a, wadda a can ita ce ranar hutu da zuwa coci, da la'asar na same shi a unguwar Al Qusais, a ɗaki mai gadaje hawa-hawa, ya dawo daga coci yana cire takalmi. Tare muka yi firamare, kallo ɗaya ya gane ni.

“Kai, baƙo! Har nan kuka biyo mu? Nan ma kwana ɗaya za ku yi?”

“Sannu, mai ƙasa. Nan dai da ni da kai duk biza ce ke riƙe da mu.”

Muka sha dariya, na yi masa gaisuwar babansa, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya girgiza kai, ya fara da Larabcin Dubai. “Habibi, khalas, wannan zance ya wuce. Ni fa a ƙungiyar mawaƙan coci nake. Yaren ma ya gudu daga bakina. Ko jana'izar Baba ban samu hutun zuwa ba.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Ku kuka kafa doka, uwata ce ke cin ƙwari. Yalla, tashi!” Na kwance ƙullin da hajiyar ta kawo mini a gabansa. Ƙamshin sabon gero ya tashi a ɗakin nan mai warin safa, sai na ga ya jawo takalminsa yana mayarwa.

Matsala ta gaba ita ce ƙasa. Muna hawa na sama, ko'ina tayil. Muka sauko muna dube-dube, ni da hulata, shi da rigar cocinsa, har muka sami ɗan fegin rairayi tsakanin motoci biyu. Na kira Inna na buɗe muryar wayar. Ya durƙusa, ya tauna, ya tofar. Ya fara kalmomin da ƙarfinsa, ya kai tsakiya, ya tsaya. Ya sake daga farko, ya kuma maƙale a wurin.

Sai muryar Inna ta fito daga wayar, tana ƙarasa masa kalma bayan kalma, da yaren da ban taɓa ji a bakinta ba. Yana bi, hawaye na zuba. Ni ma dai ba zan ce rairayi ne ya shiga idona ba, kuka na yi.

Ta ce, “Tun ina amarya nake jin babanka ta bayan danga.”

Ya share fuska ya ce, “To Inna, baƙi su ci.” Nan take na ji tana kiran a fito da turmi. Kafin ta kashe, ya karɓi wayar daga hannuna.

“Inna, don Allah, me kalmomin nan suke nufi?”

Ta ce, “Ina zan sani, ɗana? Ai yarenku ne.”