Malama Zinatu, Mai Aiko Mana Wasiƙun Yara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Agustan 2025, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Malama Zinatu Sharfaddeen, malamar aji huɗu a wata firamare ta Tudun Wada, Zariya, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Labarin bai iske ni ba sai Juma'a. A sansanin sojojin da nake, nan Arewa maso Gabas, waya ba ta kamawa sai mutum ya hau kan tankin ruwa, kuma ba kullum ake barin mu hau ba. Da na hau, sai na tarar da saƙon ƙaninta Ashraf, cewa an kai ta makwancinta tun kwana uku.

Malama, ban zo ba. Watana goma sha ɗaya a nan. Tun farkon damina ruwa ya cinye gadar da muke bi, ɗaya hanyar kuwa ba a bin ta sai an share nakiyoyin da ake binne mana a cikinta. Sau biyu ina neman hutu da na ji jikinki ya yi tsanani, sau biyu ana ce mini babu wanda zai canje mu. Daga rami zuwa tanti, daga tanti zuwa rami, iyakar duniyata ke nan. A nan na zauna na yi kukana, fuskata tana kallon buhunan yashi.

Shekara huɗu ke nan da na fara sanin ki, kuma ta takarda na san ki. An kawo mana kayan abinci, a cikinsu akwai wani ƙunshi na wasiƙun 'yan makaranta, duk a kan takardun da aka yago daga tsakiyar littafi. Da na ji daga Tudun Wada suke, unguwar da aka haife ni, na yi sauri na miƙa hannu. Tawa wata yarinya ce ta rubuta, mai suna Hanifa, 'yar shekara tara. Har yau na haddace ta:

"Malama ta ce mu yi muku sannu da aiki. Sannu da aiki. Kuna samun abinci? Don Allah idan ka tsare hanya kada ka sa mutane tsallen kwaɗo. An taɓa sa babana, kuma yana da ciwon gwiwa."

A tsaye na fara karantawa, a zaune na gama. Na taɓa sa mutane, ba sau ɗaya ba. Daga ranar ban sake ba.

Da na samu hutu a shekarar, na nemo makarantarku. Kin sa na shiga ajin da kakina. Wasu yara suka maƙale a jikin bango. Sai kika nuna mini benci kika ce in zauna a tsakiyarsu, domin a ajinki malama kaɗai ke tsayawa. Kafin a tashi sun tambaye ni ko ina jin tsoro, ko ina da uwa, ko takalmina yana da nauyi. Na amsa musu da e, duka ukun.

Bayan an tashi na tambaye ki ko kin karanta wasiƙar Hanifa kafin ki aiko. Kika ce kin karanta, kin gyara mata harafi biyu, sauran kuwa gaskiya ce, ba ki da ikon taɓa ta.

A ranar kika ba ni labarin yayanki Khubaib, wanda ya shiga soja ba da son ranki ba. Kin yi fushi da shi, shekara biyu ba ki rubuta masa ko layi ɗaya ba, har aka dawo muku da jakarsa. Ba ki yi kuka a gabana ba. Kin dai ci gaba da goge allo, ko da yake babu sauran rubutu a kansa.

Ban manta ba cewa aikin nan bai zo miki da sauƙi ba. A Zariya akwai gidajen da ba a son jin sunan soja, kuma suna da dalilinsu. Mahaifin Hanifa, Malam Sabo mai tuƙa keke, da kansa ya zo ya ce 'yarsa ba za ta gai da mutanen da suka wulaƙanta shi ba. Ba ki yi musu da shi ba. Kin ce idan ya hana, za ki ba ta wani aikin, sannan kika ƙara da cewa:

"Malam, ba son bindiga nake koya musu ba. So nake su san cewa wanda ke cikin kakin nan ɗan wani ne, shi kuma ya san akwai yaran da zai ji kunyarsu."

Sai ya ce yarinyar ta rubuta abin da take so. Abin da ta rubuta ke nan. Ke ce kuma kika tura ni tasharsu in same shi. Na ba shi haƙuri. Ya dube ni tsawon lokaci, ya ce ai ba ni ba ne. Na ce ni ne, a kan wasu. Bai ce ya yafe ba. Amma da zan tafi ya ce, Allah Ya tsare.

Kowace Alhamis ta ƙarshen wata ɗalibanki suna rubutu. Da Sallah kuma kina jan su zuwa gaishe da matan da mazajensu ba su dawo ba, kina koya musu yadda ake sallama da yadda ake zama a gidan da aka yi rashi. Akwai abokan aikina da ba sa jin Hausa, ni nake fassara musu, kuma kowa a aljihun ƙirji yake ajiye tasa.

Maganarmu ta ƙarshe a watan Yuni ce. Muryarki da ƙyar take fita, waya tana yankewa. Ba ki bari na tambayi jikinki ba. Kin ce yara suna jiran amsa, kada mu koya musu cewa ana rubutu a yi shiru. Na bi abokan aikina, kowa na karɓi wasiƙar amsarsa. Suna nan cikin jakata, na naɗe su a leda saboda ruwa, sunanki ne a bayan ambulan. Babu motar da ta fita tun daga lokacin. Ina roƙon shugaban makarantar ya shaida wa 'yan aji huɗu cewa mun amsa, hanya ce ta tsare.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Zinatu, Ka yafe mata kura-kuranta, Ka sa jinyar da ta sha ta zama kaffara. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sada ta da ɗan'uwanta a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarta Hajiya Ishatu, da maigidanta Malam Kailani, da 'ya'yanta, da Ashraf, da ɗalibanta. Allah Ya ba ku haƙuri. Inna, ki yafe mini rashin zuwa. Idan Allah Ya buɗe mana hanya da raina, ƙofarki zan fara durƙusawa kafin in isa gidanmu.

Kofur Salmanu Nagoda