Gejin Malam Zarami

Duk direban da ke lodi a tashar Azare ya san Malam Zarami mai birki, kuma yawancinsu ba sa kai masa mota in suna sauri. Garejinsa rumfar kwano ce a bayan tasha, gindin wata darbejiya. Ba ya taɓa inji, ba ruwansa da wuta, birki kaɗai yake gyarawa. Babarbare ne. Mahaifinsa ya taso daga Gaidam da fataucin kanwa ya zauna a Katagum, can aka haifi Zarami, ya shigo Azare koyon kanikanci tun yana saurayi. Yanzu ya haura sittin.

Da can mutum ne mai raha, kuma ya yi suna wajen aiki da ido. Sai ya durƙusa ya leƙa ta ramukan ƙafar mota, ya ce takalmin birkin nan zai yi wata guda, ya kuwa yi. Yana ji da wannan baiwa ƙwarai.

Babban amininsa shi ne Hammadu, Bafillacen wata ruga kusa da Disina. Ciwon huhu ya cinye musu shanu, ya sayar da 'yan ragowar ya sayi tsohuwar motar haya, yana jigila tsakanin Azare da Jama'are. Wasan nan na Fulani da Barebari ba ya ƙarewa a tsakaninsu. Hammadu ba ya shiga gareji sai ya buga zobensa a kwanon rumfa sau uku, ya ce, "Ina bawan nan nawa?" Zarami ya amsa daga ƙarƙashin mota, "Ga ubangidanka nan, ɗan nono."

Wata Laraba cikin damina, shekara goma sha huɗu ke nan, Hammadu ya biyo da hantsi, mota cike da fasinja, ko inji bai kashe ba.

"Babarbare, wani ɗan kuka nake ji a gaba in na taka birki. Leƙa mini. Zai kai ni Juma'a?"

Zarami na cin ƙosai a lokacin. Ya goge hannu a wando, ya durƙusa ya leƙa, ya ga takalmin da sauran kauri.

"Yashi ne ya shiga, ruwan jiya. Zai kai ka Juma'a biyu ma. Tafi, kada fasinjanka su gane Bafillace ke jansu su sauka."

Hammadu ya yi dariya, ya ja mota.

Ba a kira azahar ba labari ya iso tasha. Garken shanu ne ya hau titi dab da Jama'are, motar ta ƙi tsayawa, Hammadu ya kauce musu ya faɗa kwalbati. Shi da wata mata da ke zaune a gaba nan take suka cika, sauran suka tsira da karaya. Wasu suka ce santsin ruwa ne, wasu suka ce gudu. Kowa dai ya ƙare da cewa kwana ne ya ƙare.

Bayan sadakar uku aka jawo motar aka yar a bayan tasha. Zarami ya yi kwana biyu yana kewaye ta. A na uku, da rana tsaka, ya ɗauki jak da sifana ya kwance ƙafar gaba ta dama. Kowace ƙafa takalmi biyu ne ke matse faifanta, na waje da na ciki. Na waje yana nan da kaurinsa yadda ya gan shi. Na ciki kuwa ya cinye tas, ƙarfe ke gugar ƙarfe, har faifan ya ƙone ya yi shuɗi. Ƙarfen da ke matse su ne ya cije gefe guda, daga ƙarshe man birki ya tsiyaye. Na cikin ba ya ganuwa daga waje. Da ya ɗaga motar ranar, aikin minti biyar ne.

Ya zauna a ƙasa ya daɗe. Sannan ya sa takalmin a aljihu, ya mayar da taya, bai gaya wa kowa ba.

Mako na zagayowa ya tafi Kano ya sayo geji. Wasu 'yan ƙarafa ne a zobe ɗaya kamar makullai, kowanne da kaurinsa da lambarsa: masu kauri kore, na tsakiya ruwan ɗorawa, sirara ja. Ana zura su ɗaya bayan ɗaya a jikin takalmi, wanda ya zauna daidai shi ne abin da ya rage. Tun daga ranar babu motar da ta bar rumfarsa bai cire mata ƙafa huɗu ya auna ciki da waje ba. In direba ya tambaye shi ko zai kai shi wuri kaza, ba ya amsawa. Lamba kawai yake faɗa: "Uku ya rage. Ja ne."

Sai dai a daidai lokacin da yake zura gejin ne abin ke zuwa masa. Sai ya ji an buga kwanon rumfa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya ɗago, babu kowa. Maƙwabcinsa mai faci ya ce 'ya'yan darbejiya ne ke faɗowa. Zarami ya yarda, har rani ya zo itacen babu ɗa ko ɗaya, bugun bai daina ba. Wani lokaci har muryar Hammadu yake ji dab da kunnensa, da dariyarsa, yana tambayar ko zai kai shi Juma'a. Ƙosai ya fita ransa. Matarsa Kaltum ta ga yana ramewa, ta karɓo masa rubutu wajen malamin unguwa, ya sha don kada ranta ya ɓaci.

Bara wani direba mai suna Umara ya kawo bas, zai kai 'yan biki Giyaɗe. Zarami ya auna, na ciki milimita biyu.

"Ba zan ɗaura tayar nan ba sai an canza."

"Haba Malam, mutane na jira. In na dawo a canza."

"Da hannuna dai a'a."

Umara ya ɗauki sifana ya ɗaura abarsa, ya tafi yana faɗa. Zarami ya hau babur ya bi bayansu har Giyaɗe, bakinsa bai bar salati ba. Suka isa lafiya, suka dawo lafiya. Umara ya ba da labarin a tasha aka yi ta dariya, aka ce tsoho ya fara taɓuwa. Zarami kansa ya ga abin ya kai inda ba zai iya riƙe shi shi kaɗai ba.

Ya naɗe tsohon takalmin nan na motar Hammadu a tsumma ya nufi Disina, wajen yayar Hammadu, Dijatu, wadda kowa ke kira Adda. Ya same ta tana wanke ƙwarya. Bayan gaisuwa ya buɗe tsumman, ya faɗa mata komai, bai rage ba.

Ta juya ƙarfen a hannunta, ta ce, "Sati biyu motar nan tana kuka, Malam. Kullum ina ce masa ya kai maka, yana cewa gobe. Bai faɗa maka kukan ya daɗe ba?"

"Cewa ya yi ɗan kuka ne."

"Haka yake. Allah ya ji ƙansa." Ta miƙa masa abinsa. "Nawa dai na yafe, duniya da lahira. Amma matar da ke gaba fa? Ka je wajen danginta?"

Zarami ya karɓi takalmin ya mayar cikin tsumman. Shekara goma sha uku yana ɗauke da mutum ɗaya, bai taɓa tambayar ko sunan ta biyun ba.

"Halimatu," in ji Adda. "Daga wata ruga bayan Giyaɗe. Magani ta je saya wa mijinta."

Juma'a uku a jere yana rufe gareji ya tafi nema. Rugar ta tashi tuntuni, sai gurbin bukkoki da dawa ta rufe. Wani dattijo ya ce mijin, Jalo, ya warke, ya kwashi 'ya'yan da shanu sun yi kudu, wajen Taraba. Ya rubuta masa lambar wayar wani ɗan'uwansu a bayan kwalin shayi.

Lambar ba ta shiga. Kamfanin waya kullum cewa yake a kashe take. Duk da haka, in ya idar da sallar la'asar, Malam Zarami yakan zauna a kan benci ya kira ta sau ɗaya, yana maimaita a ransa yadda zai fara magana in an ɗauka. Har yau bai tsayar da kalmar farko ba.