Babban Yatsan Janas Khan

Janas Khan bai taɓa ƙera ko ƙusar bindiga ba, amma duk kasuwar Darra, garin maƙeran bindiga, babu wanda ya kai shi surutu a kan bindiga. Aikinsa gwaji ne. Idan maƙeri ya gama fistol, mai saye ya juya ta ya sake juyawa yana yatsine fuska, sai a leƙo a kira Janas. Zai tashi daga bencinsa, ya tofar da garin tabar da ke leɓensa, ya fita tsakiyar titi, ya ɗaga hannu ɗaya sama ya zazzage harsasan a sararin Allah. Inda za su faɗo kuwa ba ruwansa. Ya dawo ya miƙa bindiga yana hura hanci, a ba shi na shayi, a ƙulla ciniki.

Da wannan aikin ya yi aure, da shi ya yi furfura. Duk tsawon shekarun nan irin bindiga ɗaya ya sani, tsohuwar fistol ɗin nan samfurin Rasha da kowane gida ke da ita, wadda ba ta da makulli balle wani tsarabe-tsarabe. Ka ɗana, ka ja kunama, ta yi magana. Hannunsa ya saba da ita har babban yatsansa ya yi kanta, ya kwanta can ƙasa a jikin mariƙi ya ƙi tashi. A wurin Janas wannan shi ne riƙo. Masu kama bindiga da hannu biyu kuwa, cewa yake ko 'yan sanda ne ko masu tsoron ƙara.

Ana haka maƙera suka fara kwaikwayon sababbin samfura, masu ɗan makulli a gefe, daidai inda babban yatsa yake zama. In ka danna shi ƙasa bindiga ta harba, in ya tashi sama ta kulle. Abin da ake so shi ne mutum ya ɗora yatsan a kan makullin ya danne shi. Shi kuwa yatsan Janas a ƙarƙashi yake kwance, kato da shi kamar rogo. Da ya harba guda, bindiga ta zabura, yatsan ya ture makullin sama, shi ke nan ta yi gum a gaban mai saye.

Janas bai taɓa zargin yatsansa ba ko a mafarki. Maƙeran zamani ne suka lalace, ƙarfen ne ba na kirki ba, ko kuma harsashin ne ya sha sanyi. Wani maƙeri mai haƙuri, Zarmast, ya taɓa jan shi gefe ya nuna masa yadda zai ɗaga yatsan kaɗan, ɗan kaɗan kawai. Janas ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ni za ka koya wa riƙo? Ina harbi tun kana tsoron ƙarar murfin tukunya." Zarmast ya ba shi haƙuri. Daga nan dai kira ya fara raguwa, har ya ɗauke, don babu maƙerin da ke son a kunyata kayansa a tsakiyar titi. Janas ya ci gaba da zama a benci yana koyar da riƙo kyauta ga duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi.

Abu ɗaya ya rage masa na taƙama, shi ne hawa soro. A ƙauyensu, idan aka haifi namiji, mai gida ne ke hawa ya saki wuta a jere ba tsayawa, kowa ya ji ya zo barka. Idan mace ce, sai a yi shiru kamar an yi ɓari. Janas ya hau sau ɗaya, ranar da aka haifa masa Shahsawar, kuma da wannan hawan guda ya hana ɗan baffansa Lawang sakat. Lawang mai gasa gurasa ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu, 'ya'yansa shida duk mata. In suka haɗu a zauren baƙi cikin mutane, sai Janas ya tambaye shi ko tsaninsa bai ruɓe ba, ko kuwa ya ba da shi aro ga masu bukata. Lawang ya girme shi, amma ba ya ramawa. Yakan ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da kurɓar koren shayinsa.

Da matar Shahsawar ta samu ciki, shi yana can Dubai yana tuƙin babbar mota, sai ya aiko wa uban cewa ya nemi fistol mafi kyau a Darra saboda ranar. Janas ya ba da tsohuwar fistol ɗinsa ya cika da kuɗi, ya ɗauko wata sabuwa a wurin Zarmast, mai zane a mariƙi, tana ƙyalli, da makullinta a gefe. Zarmast ya fara cewa wani abu game da yatsa, Janas ya yi kamar da bango ake. Ko gwadawa bai yi ba, don a can ƙasan ransa yana tsoron abin da kasuwa za ta gani. Ya ƙudurta dai ranar jikansa duk kwarin nan sai ya ji, musamman gidan da ke bayan katanga.

Da hantsi ungozoma ta leƙo ta ce namiji ne. Janas ya hau tsani kamar ɗan shekara ashirin, ya tsaya a bakin soro inda kowa zai gan shi, ya ɗaga hannu ɗaya. Bindiga ta ce tau, ta yi shiru. Ya sauke, ya lalubi makulli ya danna, ya sake ɗagawa. Tau, shiru. Gumi ya keto masa, ya tsine wa Zarmast, ya sake. Haka ya yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, da dogon shiru a tsakani.

To a duwatsun nan, harbi ɗai-ɗai daga saman soro ba albishir ba ne, neman agaji ne, wato maƙiya sun shigo. Mata suka janye yara suka datse ƙofofi, maza suka fito da bindigogi suna tambayar ta ina aka ɓullo. Wanda ya riga kowa kuwa Lawang ne. Ya tsallako katanga da garin alkama a hannunsa har gwiwa, da tsohuwar bindigar ubansa, yana haki, don duk abin da ke tsakaninsu jini ɗaya ne. Ya hau soro ya tarar babu maƙiyi ko ɗaya, sai Janas yana kokawa da yatsansa.

"Su waye? Ina suke?"

"Ba kowa, Lala," in ji Janas, murya ƙasa-ƙasa, yau har da kiransa Lala, wato yaya. "Haihuwa aka yi. Namiji."

Lawang ya dube shi, ya dubi fistol ɗin. Ya ajiye tasa, ya goge hannu a riga, ya miƙo tafi. Janas bai san lokacin da ya ba shi ba. Lawang ya sake cika ta da harsasan da ke aljihun Janas, ya kama ta da hannu biyu, ya ɗora babban yatsa a kan makulli ya danne, ya ɗaga sama. Wuta ta fita a jere, tas, duwatsu suka amsa, guɗa ta ɓarke daga cikin gidaje.

Ya miƙa wa Janas bindigar da zafinta.

"Lokacin cikin autata na sayi irinta," ya ce. "Wata uku Zarmast yana koya mini. Ban samu hawa ba sai yau."

Janas ya buɗe baki zai ce ai laifin ƙarfen ne, sai ya ga idanun Lawang sun kaɗa sun yi ja, ya mayar da bakin ya rufe. A ƙasa mutane sun cika lungu, sun ga wanda ya ɗaga hannu, suna ta kiran sunan Lawang suna yi masa barka da samun namiji bayan dogon jira. Cikin su biyun babu wanda ya leƙa ya gyara musu.